Tabarmin da Ka Naɗe

Zuwa ga Yaya Nasiruddeen,

Assalamu alaikum. Ina Inna, yaya ƙafarta? Ina Fa'iza da yara? Yaya haƙurinmu? Allah ya jiƙan Khalid, ya sa ya huta.

Ni lafiya lau nake a nan Aljeriya. Aikin ba laifi, barci ne dai ya ƙaurace mini tun ranar da mota ta kaɗe ƙanenmu a kan kabu-kabunsa a Dogon Dutsi. Kada ka gaya wa Inna.

Lantana maƙwabciyarmu ta kira ni. Ta ce kuna dawowa daga maƙabarta ka naɗe tabarmin ƙofar gida, ka ce zaman makoki bidi'a ne. 'Yan'uwan Inna da suka keto yashi tun daga Sukukutane, ko ruwa ba su gama sha ba ka sallame su.

Yaya, ni ba malama ba ce, ba zan ja da karatunka ba. Amma kai kullum kana masallaci, abokanka suna ba ka hannu suna ba ka haƙuri. Inna fa, wa take da shi? Lantana ta leƙa ta same ta ita kaɗai, ta zuba wa Khalid tuwonsa a kwano ta rufe.

Ni hamada ce ta raba ni da uwata. Su kuwa kai ne.

Ka aika a dawo da su, ka shimfiɗa tabarmin nan. In zunubi ne, ni na ɗauka.

Ƙanwarka,
Sahura