Gizakar Mama a Bakin Murhu

Yaya Marlys,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Mama?

Na ga hoton da kika aiko. Na daɗe ina dubansa, don kada in zarge ki a banza. Fukafukai ruwan ɗorawa, jikin da layuka uku na ɗigon baƙi. Faɗa-wutar nan daga gizakar Mama ta fito, tsutsar nan mai gashi da na sa a kwalba lokacin kaka, mai baƙi a kai da wutsiya da ja a tsakiya. Kada ki ƙara ce mini ta taga ta shigo. Wace faɗa-wuta ke yawo cikin dusar ƙanƙara a Janairu?

Na ce ki bar kwalbar a baranda. Gizakar nan sai ta daskare kamar dutse duk sanyin Ohio, idan ƙasa ta narke ta farka ta saƙa gida, ta fito faɗa-wuta a Mayu. A baranda Mama ke barin su tun muna yara. Ke kuwa kika kai ta bakin murhu, ta ɗauka sanyi ya wuce. Yanzu ba ganye, ba 'yar'uwarta, a jikin labule za ta mutu.

Mama ta ce mini sai ta ga wannan ta tashi a Mayu. Abin da take riƙe da shi ke nan, kin ƙwace.

Ƙanenki,
Lorne

Malam Masani,

Muna lafiya, tunda ka tambaya a layi ɗaya.

Ka ƙirga ɗigon ƙwaro, amma yaushe rabonka da ganin fuskar uwarka? Ni nake juya ta a gado, ni nake ba ta romon kaza a cokali. Na ɓoye maka tsananin jikinta ne don ta hana ni faɗa maka.

Ita ta sa na shigo da kwalbar. Na ce, "Mama, Lorne zai cinye ni ɗanye." Ta ce, "Bar sarkin tsari. Na fi shi sanin abin da ɗumi ke yi mata. Mayu ta yi mini nisa."

Ranar da faɗa-wutar ta fito, a yatsan Mama ta sauka. Mama ta yi dariya har da tari.

Sai ka ci gaba da faɗa.

Yayarka,
Marlys

Yaya,

Ina gaisuwa. Har yanzu ina jin haushin ƙaryar taga.

Na tona ƙarƙashin itacen wuta na sami wata gizakar a dunƙule. Ina tafe da ita ranar Asabar. Kada ki bar murhun ya mutu.

Lorne