Ɗan Baffana Ne Ya Taɓa Min Kod?

Malam, don girman Allah a agaza min kafin in yi abin da zai raba gidanmu biyu.

Ni ba wanda ya zaunar da ni ya koya min rubuta manhaja. Da tsofaffin littattafai da wayata na koya, saboda haka ba na son a raina min hankali. Wata bakwai ke nan ni da ɗan baffana, Dogo muke ce masa, muna haɗa gem na tsere a bayan shagon gyaran wayar yayana, a kan wani teburi mai gurguwar ƙafa. Mutum biyu ke bugawa a kibod ɗaya. Ni ina hagu, da haruffan W, A, S da D nake tuƙa ɗan tserena. Shi yana dama da maɓallan kibiya, in zai ƙara gudu ya danne Shift.

In ni kaɗai nake gwaji, lafiya lau. Da Dogo ya zauna, sai in danna W ɗan tserena ya ƙi tsalle. Wani lokacin ma na ɗage yatsa daga D amma ya ci gaba da gudu kamar wanda kare ya biyo, har ya afka rami. Gogan naka kuwa sai dariya, wai yatsuna ne suka tsufa. Na sauya kibod, na ɓalle maɓallin na goge, a banza. Sau ashirin da uku a jere ya cinye ni! A gem ɗin da ni na rubuta sashen karɓar danne-danne, shi zane kawai ya iya, ko in ce haka yake nunawa. Ya san fasuwod ɗina. Ranar Talata na dawo daga sayen abinci na tarar da shi gaban kwamfutar, ya yi wuf ya rufe wani shafi. Me yake ɓoyewa?

Asabar za mu kai gem ɗin gasar masu koyo. Na yanke shawarar in sauya fasuwod, in cire sunansa daga gem ɗin, in je in faɗa wa Baffa irin ɗan da ya haifa. Mamata ta ce in na yi haka ba ni ba ita. Ya zan yi?

Naka,
Mai Hagun Kibod

Amsa:

Ƙanena, sassauta. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma ina jin mai laifin yana cikinta, sai dai ba Dogo ba ne.

Zatona kod ɗinka, wato umarnin da ka rubuta wa gem ɗin, harafi yake tambaya, ba maɓalli ba. Ka ce masa in ya ga ƙaramin w a yi tsalle. To da zarar Dogo ya danne Shift, maɓallin da ke mayar da harafi babba, babban W ke isowa, kod ɗin bai san shi ba. Haka in ka danna ƙaramin d, ya danne Shift kafin ka saki, labarin sakin babban D ne zai zo, gem ɗin ya ɗauka yatsanka na nan. Ga raminka.

Gwada kai kaɗai: riƙe Shift da hannun dama, ka yi tsalle da hagu. In ya ƙi, gyara kod ɗin ya riƙa duba lambar gurbin maɓalli, wadda ba ta sauyawa. In kuma ya yi, buɗe tarihin fayil ɗin ka ga ko an taɓa shi ranar Talata. Kada ka kai wa Baffa ƙara da zato kawai.

Ban wanke Dogo tas ba. Wanda ya ci sau ashirin da uku mai yiwuwa ya lura Shift na taimakonsa, ya yi gum yana jin daɗi. Wannan tsokana ce, ba cin amana ba. Shafin da ya rufe kuwa, tambaye shi kai tsaye, ba a gaban mutane ba.

Bar sunansa a gem ɗin, wata bakwai ya yi yana zane. In gwajin ya nuna kuskuren naka ne, kai za ka fara faɗa masa da bakinka, tun kafin ya gano. Na san wannan zai fi gyaran kod ɗin yi maka wuya.

Allah ya ba ku sa'a ranar Asabar, ku biyun.