Iska ta tono takardun bitamin ɗina, an ɗora wa faccalata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah ka sakaya sunana, ku kuma ku taimaka mini da shawara, kaina ya kulle.

Ina aure a Gure, gidanmu babban gida ne, kuma kakar mijina ce ke riƙe da shi duk da tsufanta. A gidan akwai doka, mai ciki ba ta haɗiye kinin na likita sai ɗa ya motsa. Kaka ta ce tun zamanin aikin dole na Nasara, tana ƙaramar yarinya, wani lokotoro, wato likita, ya ba mahaifiyarta ƙwayoyi tana da ƙaramin ciki, cikin ya zube, jini bai tsaya ba har ta rasu. Ba wanda ya san ko ƙwayar ce sanadi, amma wa zai yi musu da wadda ta ga gawar uwarta?

Ni kuma sau biyu ina ɓari. Da na ga na sake ɓatan wata sai na saci jiki na je matarniti, wato asibitin haihuwa, da sunan zuwa kasuwa. Ungozomar ta ba ni bitamin da maganin ƙarin jini, ta ce ba sa zubar da ciki, ba kuma ta yi mini alkawarin za su hana ɓari ba, amfaninsu jinina da ginuwar jikin jariri. Na karɓa ina sha a ɓoye, ko mijina bai san da cikin ba, don na gaji da sannu-sannun mutane. Takardar ƙwayar in ta ƙare sai in binne ta cikin rairayi bayan zana.

To makon jiya faccalata, matar ƙanin mijina, ta yi ɓari. Muna cikin jimami iska ta taso ta kwashe rairayin, takardun nan suka fito suna walƙiya, kuma kusa da ɗakin faccalata. Kaka da kanta ta tsince su. Ta tara mu ta ce ga abin da ya kashe mata tattaɓa kunne. Faccalata ta yi ta rantsuwa tana kuka cewa ko maganin ciwon kai ba ta sha ba, mijinta ya ce ta rufe masa baki, ba dai aljanu ne suka binne su ba. Yanzu maganar da ake yi, in ta ji sauƙi a mayar da ita gidansu a Bune. Ni ina tsaye a wurin aka yi duk wannan.

Wallahi ina jin tsoro. In na faɗi gaskiya za a ƙwace maganin, kowa ya san da cikina tun bai yi ƙwari ba, kuma in Allah ya ƙaddara wannan ma ya zube, an gama yanke hukunci ni na kashe shi, har na biyun baya za a lissafa mini. In na yi shiru auren baiwar Allah zai mutu a kan abin da ba ta ji ba ba ta gani ba. Kaka kuwa sai bin mu da ido take yi tana jan carbi.

Ɗazu na kai wa faccalata kunu. Ta karɓa, ta daɗe tana kallon cikina, sannan ta ce a hankali, “Yaya, Allah ya raya naki.” Ashe ta sani, kuma ba ta tona ni ba.

Ga ƙwayar yau a hannuna na kasa haɗiyewa. 'Yan uwa, in je gaban Kaka in ce nawa ne, ko in bari a tafi da ita?