Inna, Babu Mai Tsare Mini Barci Yanzu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Habi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina fatan kina cikin ni'ima a makwancinki.

Inna, na haihu. Mace ce, ta ɗebo goshinki sak, har da saurin fushin. Da kina raye da yanzu ina ɗakinki ina wankan jego. To, a gidan miji nake yi, a hannun surukata Gwaggo Yagana. Ruwa kuma ya cinye hanyar Haɗeja, ko asibiti sai da kwalekwale.

Kin san farfaɗiyata, ba abin da ke taso ta kamar rashin barci. Likita ya faɗa sau ɗaya, ke kuwa kika riƙe kamar karatun sallah. Lokacin gadin tsuntsu yayyena kan fita gonar shinkafa da duku-duku suna ƙunƙuni, ke kina bakin ƙofata kina tsintar wake. Duk wanda ya matso sai ki ce, "Barcinta maganinta ne. Wanda ya tashe ta, ni ya taɓa."

Yanzu wa zan gaya wa haka? Jaririya ba ruwanta da likita, in tana son nono sai ta tsala kuka. Da na runtsa Gwaggo ta buga ƙofa, ruwan wanka ya tafasa tun kafin assalatu. Ba mugunta ba ce, gata take yi mini. A wurinta mai jegon da ta kai hantsi ba ta yi wanka ba, sanyi ya gama shigarta. Na roƙa a bari rana ta ɗaga, ta ce 'yan zamani ba mu san ciwon kanmu ba. Ina shan ƙwayoyina, amma ƙwaya ba ta rama barci.

Shekaranjiya na faɗi a gefen tukunyar ruwan wankan. Hannuna kaɗai ya ƙone. Da na farfaɗo, tambayata ta farko ita ce ko ina riƙe da jaririyar lokacin da na faɗi.

Tun ranar a tabarma nake ba ta nono, kuma sai da wani a kusa. In ta yi kuka Gwaggo ce ke zagaya tsakar gida da ita, ni ina kallo daga zaune. Majanyin da kika ajiye mini yana ƙasan akwati. Inna, tsoron goya 'yata nake ji.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki. Ni kuma Ya ba ni barcin da zai ishe ni in miƙe tsaye da ita a bayana.

'Yarki,
Zulai