Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Lausu, ƙasar Rano,
4 ga Maris, 1961.

Zuwa ga yayata Salamatu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da sauran matan da kuke gidan gwamnati a Hartum. Mu nan ƙalau, shanu ma ƙalau.

Tun da Ramalan mai kai alhazai ya tafi da ke da sunan zai kai ki Makka ba mu ji ɗuriyarki ba. Ashe sayar da ku ya yi a hanya, sai da gwamnatinmu da ta Sudan suka haɗa kai aka ƙwato ku. Allah ya isa tsakaninmu da shi.

Na ji an gaya miki Inna ta ce ba ta san ki ba. Ga yadda aka yi. Wani ma'aikaci ne ya zo daga Ikko da hotonki, ya tambaye ta a gaban dagaci ko 'yarta ce, kuma yaya sunanki. Ke kin san Inna da kunyar 'yar fari. Ta sunkuyar da kai, ta ce 'yar mutanen gidan nan ce. Shi kuwa baƙo ne, ido gare shi amma ba ya gani, ya tafi da labarin an ƙi ki. Ina wajen kiwo ne, da ina nan da na gyara zancen.

Ki shiga ayarin da za a maido.

Ƙanenki,
Haliru.

Lausu,
19 ga Yuni, 1961.

Zuwa ga yayata Salamatu,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki. Mu dai sai godiya, amma Inna tana kwance.

Na je Kano tarbar ayarin. Mata suka yi ta sauka, babu ke. Wata 'yar garin Kibiya, Fanta, ta ce kin ƙi tasowa, wai abin da aka yi miki ne ya sa uwarki ta ƙi ki. Na yi kuka a tasha, ban ɓoye ba.

Da na gaya wa Inna, ta tashi da zazzaɓinta ta taka har ƙofar dagaci, ta faɗi sunanki da ƙarfi a gaban maza, ta ce ita ta haife ki. Dagaci ya aika wa hukuma, an ce akwai wani ayari bayan damina.

Ban sani ba ko Inna za ta kai lokacin. Nono ma ba ta iya sha. Tun da aka haife ki ba ta taɓa kiran sunanki ba, yanzu kuwa shi kaɗai take kira.

Ki zo, Yaya.

Naki har kullum,
Haliru.