Jan Layi a Fuskar Gimbiya

Talata, 8 ga Yuli

Yau kwana ashirin da uku ke nan da bakin matata Gimbiya ya karkace. Ɓarin hagu na fuskarta duk ya sauka: gira, ido, kumatu, leɓe. Idon ba ya rufuwa, sai hawaye ya yi ta bin kunci ko da ba kuka take yi ba. Likita ya ce jijiyar fuska ce kawai, ba shanyewar jiki ba, mu gode Allah. Mun gode. Ya ce wasu kan warke cikin makonni, wasu kuma... sai ya shiga juya takardu.

'Yarmu Auta ba ta sani ba. Cikinta wata bakwai, bayan ɓari biyu, ga hawan jini. An ce ta kwanta, kada a tayar mata da hankali. Tana can gidan mijinta, tafiyar yini guda a mota. Uwarta ta sa na yi alkawari. "Malam, in ka gaya mata ban yafe ba." Da ƙyar maganar ta fito, amma na ji ta sarai.

Kiran bidiyo mun kashe shi da cewa netwok ba kyau. Nauyin harshe kuma mun ɗora wa ciwon haƙori. Sai ga saƙo yau: "Abba, ku turo min hoton Umma da sabon yadin da na aiko mata, na yi kewar fuskarta." Yarinyar nan ta ɗaure mu da jijiyoyin jikinmu.

Alhamis, 10 ga Yuli

Tsohon hoto ba zai yi ba, tunda yadin sabo ne. Na zaunar da Gimbiya bakin taga na ɗauka sau goma sha huɗu. Babu na kirki ko ɗaya.

Mai shagon hoto na bakin titi ya sa min manhajar gyaran hoto a tsohuwar kwamfutata, ya kuma jefa ni wani zaure a waya inda masu koyo ke nuna aikinsu a yi musu gyara. Ban gaya masa dalili ba. Na ce zaman ritaya ne ya ishe ni.

Shekara talatin da ɗaya ina zanen taswirar gine-gine. Ban taɓa miƙa zanen da layi ya kauce ko da tsinin fensir ba. Fuska ɗaya ce za ta gagare ni?

Asabar, 12 ga Yuli

Na gama! Na ja layi daga tsakiyar goshi zuwa haɓa, na yanki ɓarin dama mai lafiya, na kifa shi a kan hagu. Yadda ake gini mai ɓangare biyu iri ɗaya. Na sa rula na auna, daidai wa daida.

Na nuna mata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Haka nake da?" Na ce haka kike.

A ofis ba a fitar da zane sai wani ya duba. Don haka na tura zauren tukuna.

Lahadi, 13 ga Yuli

Kai! Yaran nan ba su da ta ido.

Akwai wani da na sa wa suna Farfesa, don ba a sa hoto bai yi dogon sharhi ba. Shi ya fara: "Kawu, wannan mutum ce ko 'yar tsanar shagon kaya?" Wani mai jar hula a hotonsa ya ce, "Tawadar Allah biyu, ɗaya nan ɗaya can, kamar maɓallin riga." Wata ta ce haske ya bugo ta dama, ya kuma bugo ta hagu, ko gidanmu rana biyu ke fitowa? Sai fuskokin dariya suka yi ta zubowa. Na ƙirga har ashirin na bari.

Matata suke wa dariya, 'yan banza. A'a, ni suke wa. To ai duk ɗaya.

Na koma na duba. Tawadar tana nan biyu. Shekara talatin da takwas ina kallon tawadar nan a ƙarƙashin idonta, na kasa lura na ninka ta.

Shugabar zauren ta rubuto: "Kawu, dokarmu ita ce a sa na asali da gyararre tare, in ba haka ba ba za mu san me ka taɓa ba." Na ce na asalin ya ɓace. Ƙarya dai ta zame min kamar gaisuwa.

Laraba, 16 ga Yuli

Na watsar da kifawa. Yanzu jan leɓen nake yi sama kaɗan-kaɗan. In na ɗaga baki, hanci ya bi shi. In na mayar da hanci, ido ya zama na wata. Tun bayan karin safe har la'asar ina abu ɗaya. Sau uku Gimbiya ta kira ni in ɗiga mata maganin ido, sau uku ina cewa ina zuwa.

Auta: "Abba shiru?" Na ce tela ne bai gama ɗinki ba.

Bari in rubuta abin da ba zan iya faɗa wa kowa ba. Na fi son zama gaban fuskar da ke kwamfuta. Ita ba ruwan da ke zubo mata ta gefen baki in ta sha. In Gimbiya na magana, goshinta nake kallo, ko ɗankwalinta. Ina jin ta lura. Allah ka yafe min.

Juma'a, 18 ga Yuli

Na sa na asalin a zaure. Ban tambaye ta ba. Na ce wa kaina ai babu wanda ya san mu a ciki.

Zauren ya yi tsit kusan rabin awa. Sannan "Allah ya ba Mama lafiya" ta fara shigowa. Mai jar hula ya ba da haƙuri. Wallahi dariyarsu ta fi min sauƙi a kan wannan tausayin.

Can sai ga Farfesa ya dawo min da hoton. Ya zagaye bakinta da jan layi, ya zagaye idon, ya ja kibiya a kumatu, ya sa lamba ɗaya zuwa biyar. A ƙasa ya rubuta: ɗaya, leɓe ya faɗi, biyu, layin gefen hanci ya shafe, uku, ido ya buɗe da yawa, haka har biyar. Ya ce kada in daidaita komai cif-cif, fuskar ɗan Adam ba gini ba ce.

Abin haushin, gaskiya ya faɗa. Na bi lambobinsa ɗaya bayan ɗaya kamar ɗan aji ɗaya.

Litinin, 21 ga Yuli

Zaure ya ce ya yi. Har da tafi. Farfesa ya ce saba'in bisa ɗari, wai fatar ta yi sulɓi da yawa. Oho dai. Na tura wa Auta.

Ta buɗe nan take, amma sai bayan awa biyu ta amsa. "Yadin ya yi kyau. Amma Abba me ya sa Umma ta yi kamar hoton katin shaida? Ka sake ɗauka tana dariya."

Tana dariya. Inna lillahi. Ai a wajen dariyar abin ya fi muni, dama ta tafi, hagu ya tsaya ƙyam.

Talata, 22 ga Yuli

Abin da nake gudu ya faru, kuma ta inda ban zata ba.

Na bar wayata a kan tebur na shiga wanka. Gimbiya ta ɗauka don ta ga saƙon Auta da idonta. Da na fito na same ta zaune, wayar a cinya, hoton Farfesa a buɗe. Jan layin nan a bakinta, da lambobi.

"Su waye waɗannan?"

Na ce masu koyon gyaran hoto ne, taimaka min suke yi.

"Mutum nawa?"

Ta duba da kanta, ai a rubuce yake a sama. Ɗari uku da goma sha biyu.

Ta ce, "Maƙwabciyata ma ban bari ta shigo ba. 'Yar da na haifa na ɓoye wa. Kai kuma ka kai ni kasuwa." Na ce don ke na yi, don Auta na yi. Ta ce, "Lamba ta uku idona ne ko?" Ta ajiye wayar a hankali, ta shiga ɗaki ta sa sakata.

Da zagina ta yi da na ji daɗi.

Asabar, 26 ga Yuli

Kwana huɗu. Ko a tsakar gida ta ci karo da ni sai ta ja mayafi ta rufe hagun. A gabana! Abinci a ɗaki take ci, ƙofa a rufe. Maganin ido da kanta take ɗigawa, rabi a ido rabi a kunci, ina gani ta taga ba damar magana.

Na goge hotunan daga zaure na fita. Amfanin me? Suna cikin wayoyi ɗari uku.

Shugabar zauren ta biyo ni ta gefe. Ta ce ta ga na fita, lafiya? Ban san me ya hau kaina ba, na zayyana mata komai, matar da ban taɓa gani ba. Ta ce, "Kawu, in faɗa maka gaskiya? Aikinmu baƙi yake ruɗa. Wanda ya tashi a gaban fuska ba a ruɗa shi da ita." Na ce na gode. A raina na ce wa ya tambaye ki.

Laraba, 30 ga Yuli

Asibiti. Likita ya ce ta ɗaga gira, ta hura kumatu, ta rufe ido gam. Dama ta yi duka. Hagu ko gezau. Ya ce mu ƙara ba shi lokaci, a ci gaba da tausa da motsa fuskar, amma mu sa a ranmu ba lallai ta dawo yadda take ba.

Muka shiga mota. Sai da muka kusa gida ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Saura mako biyar ta haihu." Na gane. Dole uwa ta je. Hoto dai a ce na iya gyarawa, ranar da za ta tura ƙofar ɗakin Auta fa?

Ban san me nake yi ba tun farkon watan nan. Na gaji, wallahi na gaji.

Lahadi, 3 ga Agusta

Yini guda ina ƙera dariya a kwamfuta. Ta fito tsaf, haƙora da komai. Matar wani ce. Na goge.

Auta ta kira sau biyu, ban ɗauka ba.

Alhamis, 7 ga Agusta

Da hantsi Gimbiya ta fito ba mayafi a fuska. Ta ja kujera bakin taga ta zauna.

"Ɗauka."

Na ce hasken bai yi ba. Ta ce, "Malam, ɗauka. Kuma kar ka taɓa shi. In baƙi ɗari uku sun gani, 'yata ta fi su haƙƙi." Na ce jinin Auta fa? Ta ce in kira mijin ya zauna kusa da ita tukuna.

Na kira surukina na faɗa masa komai. Ya yi salati, ya ce in ba shi minti goma ya isa gida. Sannan na ɗauka. Ta yi dariyar da aka nema, rabin da ya samu. Hannuna ya tafi wajen gyara da kansa, na janye shi. Na tura.

Ko minti ɗaya ba a yi ba kiran bidiyo ya shigo. Gimbiya ta ce, "Ba ni." Na matsa kusa na riƙe mata wayar a gabanta.

Auta ta yi kuka, ƙwarai kuwa. Amma ba kukan da muka yi tsoro ba ne. Cewa take yi, "Shi ke nan? Wannan ne kawai? Umma, ki rantse wannan ne kawai." Gimbiya ta rantse. Sai Auta ta juyo kaina. "Abba, tun ranar da ka turo hoton nan ban yi barcin kirki ba. Na zuƙo shi na duba, na ga ba fuskar Umma ba ce. Ga ƙin bidiyo, ga muryarta ta sauya. Na ɗauka mutuwa take yi kuke ɓoye min."

Surukina ya karɓi wayar. Ya ce mako biyu ke nan jinin ya ƙi sauka, likitarta ta rasa dalili, sun ƙi gaya mana ne don kada hankalinmu ya tashi. Gobe za a kwantar da ita a asibiti, wataƙila a ciro jaririn kafin lokaci.

Mako biyu. Na duba ranar da na tura hoton. Ba sai na rubuta ba.

Gimbiya ba ta ce ta yafe min ba, ni ma ban roƙa ba, ban ga da bakin da zan roƙa ba. Jibi za mu kama hanya. Da la'asar tana haɗa kaya tana lissafa min abin da za a tafi da shi, ina tsaye daga bakin ƙofa. Ta ce in shigo in zauna a gabanta, ta gaji da maimaita magana, in na kalli bakinta zan fi ganewa.

Na shiga. Na kalla.