Jiƙon Mama

Litinin, 4 Maris 2024
Na kai Baba asibiti nan Kafanchan, idanunsa sun yi rawaya. Likita ya ce ALT ɗinsa ya hau sosai. Ni da nake koya wa ɗalibai wannan abu a sakandare! Sinadari ne a hanta, yana cire ɓangaren amino asid daga wannan ya ɗora wa wancan, jiki ya sami abin gina kansa. Ba ya yawa a jini sai hanta ta ji rauni. A allo yana da daɗin zanawa. Yau tsoro ya ba ni.

Laraba, 6 Maris
Ba ciwon hanta na ƙwayar cuta ba ne. Baba kuma bai taɓa burkutu ba tun baftisma. Likita ya tambaye ni, “Me yake sha a gida?”
Na sani.

Asabar, 9 Maris
Na je gida Manchok. Tukunyar Mama na kan wuta, sassaƙe da saiwoyi, baƙi ƙirin. Tun da ƙafar Baba ta fara ciwo bara take ba shi safe da yamma, da addu'a a kai. Na ce a daina, shi ke lalata masa hanta. Ta ce, “Lai'atu, wannan magani shi ya tada kakanki.” Na ɗaga murya. Har sunan sinadarin na faɗa mata da Turanci, kamar zai taimaka. Na kifar da tukunyar a gabanta.

Lahadi, 10 Maris
Mama ba ta je sujada ba.

Alhamis, 21 Maris
Baba a waya: “Mamanki ba ya cin abinci.” Na ce gaskiya ce dai na faɗa, ba zan janye ba.

Talata, 9 Afrilu
An sake gwaji, ALT ɗin ya sauka. Idanun Baba sun washe. Likita ya ce jiƙon ne, babu shakka. Na zaci zan yi murna.
Mama na jira a benci, ta rame, ɗankwalin zumuntar matan coci ya yi mata yawa. Ta riƙe hannuna. “Ki gaya mini. Ni ne na kusa kashe shi?”
Na ce, “A'a, Mama. Likita ya ce ba su gano dalili ba.”
Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce mu tsaya a hanya ta sayi doya, yunwa take ji.